Filin Kowa da Rabon La'asar

Waɗanda suka shata unguwannin masana'antu na Kano ba su sa ƙwallo a lissafinsu ba. Bompai, 'yar farinsu, an yanka ta ne tun zamanin Turawa daura da layin dogo, domin gyaɗa da fata da auduga su samu inda za a sarrafa su da kuma hanyar fita. Sharaɗa da Challawa suka biyo baya bayan samun 'yancin kai, da manyan fulotai, da tituna masu faɗin da tirela za ta iya juyawa, da turakun lantarki, da katangu masu tsawon da ba a leƙawa. An tanadar wa inji wurin zama, an tanadar wa hayaƙi mafita, har dagwalon majemu an nema masa hanya, ko da yake hanyar rafin Salanta da kogin Challawa ta kai shi. Ɗan ma'aikacin da zai kula da injin ne kawai aka manta cewa za a haife shi, zai girma, kuma wata rana da La'asar zai nemi inda zai yi gudu.

Aka kuwa haife shi, shi da dubban ire-irensa. Ja'en da Gandun Albasa da Sabuwar Gandu suka kewaye Sharaɗa. Panshekara da Zawaciki suka cika suka batse a gefen Challawa. Dakata da Kawaji da Tudun Wada da Gwagwarwa suka matse Bompai. A cikin waɗannan unguwanni gida na jingine da gida, lungu da ƙyar kura biyu ke giftawa, kududdufan da a da ake wasa a bakinsu an cike su an yi gini. Sannan tun daga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, da ƙarancin wutar lantarki, da kwararowar kaya masu araha daga waje, kamfanoni da yawa suka rufe ƙofa. Wasu suka koma sito, wasu suka zama kango, wasu fulotan ma tun asali ba a taɓa aza tubali a kansu ba. Abin da ya zama asara ga masu jari da ma'aikata, shi ya zama filin wasan 'ya'yan ma'aikatan: kangon fili a bayan katanga, sararin da ke ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki, gefen layin dogo, da titunan da ke yin tsit ranar Lahadi.

Duk wanda ya san waɗannan wurare ya san ba 'yan ƙwallo kaɗai ke nemansu ba. Da asuba dattawa masu ciwon suga da hawan jini, waɗanda likita ya ce su riƙa tattaki, su ke bin gefen titi, don a nan ne za su yi tafiyar rabin sa'a ba su tsallake kwata ba. Da hantsi mai koyar da tuƙi ya shigo da motarsa da ɗalibinsa mai rawar hannu. Direban tirelar da ke jiran lodi, shi da ya ga fili makwanci ya gani. Bafulatani ya ratsa da 'yan shanunsa, shi a wurinsa tsohon burtali ne aka gina wa kamfani a kai. Mai biki na son kafa rumfa, masu wa'azi na son shimfiɗa tabarmi, 'yan tumaki na son turke idan Babbar Sallah ta ƙarato. Duk wannan da sauƙi in an kwatanta da abin da ke faruwa bayan sallar La'asar. A garin da rana ke dukan ƙeya tun ƙarfe goma, filayen kuma ba fitila, lokacin da jiki zai iya gudu bai fi sa'a biyu ba, daga sallame La'asar zuwa kiran Magariba. A cikin sa'o'in nan biyu ne ma'aikaci ya tashi daga aiki, ɗan makaranta ya dawo, mai sana'a ya ja ƙofar shago. Fili kan yini ba kowa sai ƙadangaru, da La'asar ta yi kuwa sai ya koma kamar rijiya ɗaya a ƙauyen da ake fari.

Tambayar da nake son bi ita ce: idan wuri ba mallakin kowa ba ne daga cikin masu amfani da shi, kuma ba ya isar su duka a lokaci guda, wa ya fi cancanta da shi, kuma da wane dalili? Wani zai ce tambayar ta yi ƙanƙanta, ƙwallo ce fa. Amma yaro ɗan shekara goma da aka kora daga fili don wanda ya fi shi ƙarfi ya iso, ya koyi wani karatu game da yadda duniya ke tafiya, wanda da wuya malami ya goge masa shi. A filin unguwa ne yawancinmu muka fara ganin mulki da idonmu, tun kafin mu san sunan kansila.

Amsa mafi sauƙi ita ce ta mai takarda. Kusan kowane kango a waɗannan unguwanni da mai shi, ko da yana zaune a Legas ko Dubai, ko ya rasu magadansa na shari'a a kai. Shi zai ce filinsa ne, duk wanda ya taka shi alfarma ya samu. Ban raina wannan magana ba, don al'ummar da ba ta kare dukiyar mutum ba ta daɗewa tana da dukiya. Sai dai ita kanta dokar da yake tinƙaho da ita ba ta ba shi duk abin da yake zato ba. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, domin amfanin jama'a baki ɗaya. Abin da mai takarda ke riƙe da shi izinin zama ne na wa'adi, galibi shekara 99, wanda aka ba shi don ya raya wurin. Fulotin da aka bayar domin a kafa masaƙa, aka shekara ashirin ba masaƙa ba dalilinta, mai shi na iya yin nasara a kotu, amma hujjarsa a gaban maƙwabta ta yi rauni. Zan dawo kansa, don shi ma yana da abin da yake tsoro.

Amsa ta biyu ta fi ɗaukar hankalina, domin ita na fi ji, kuma ita ta fi kama da gaskiya: amsar mai gumi. Akwai wani fili a bayan wani rufaffen kamfani a Sharaɗa da na sani tun ina firamare. Asalinsa juji ne da tumfafiya. Wata ƙungiyar ƙwallo ta samarin unguwa ce ta sare ciyawa, ta kwashe fasassun kwalabe, ta yi karo-karo ta sayo tifa biyu ta jar ƙasa ta cike kwarin da ruwa ke kwanciya, ta sa mai walda ya haɗa mata turakun raga da tsofaffin bututu. Duk damina sai sun sake wannan aiki. A shekarar da nake jiran kiran bautar ƙasa, sai wani mai koyar da mota ya gano wurin. Ya fara da hantsi, ya zarce har yamma, tayoyinsa suka yi wa filin kunya-kunya kamar gonar dawa, musamman in an kwana da ruwa. Rigima ta kai har an fasa gilashi, magana ta je gaban mai unguwa.

Na halarci zaman. Dattijon ya bar kocin ya zayyana wahalar da suka sha tun daga tifar farko, sannan ya ce, "Koci, ranar da kuka zuba ƙasar nan, izinin wa kuka nema?"

Koci ya ce, "Ranka ya daɗe, ba mu nemi na kowa ba, juji ne."

Ya ce, "To, shi ma Malam bai nemi na kowa ba. Ku duka baƙi ne." Sannan ya juya ga mai motar: "Malam, da juji ka tarar, za ka shiga da motarka?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"Ashe guminsu kake takawa."

Hukuncin da ya yanke gajere ne. Mota daga hantsi zuwa Azahar, ban da ranar da aka kwana da ruwa, kuma kowace damina mai mota zai sayo tifa ɗaya. La'asar ta manya ce kwana biyar. Alhamis da Juma'a, da ba a zuwa Islamiyya, ta yara ce.

Abin da ya burge ni shi ne dattijon bai ƙaryata gumi ba, bai kuma mai da shi takardar mallaka ba. Malaman fiƙihu sun san cewa raya mataccen wuri na iya jawo mallaka. Abdullahi ɗan Fodiyo ma ya yi littafi a kan dalilan da ke sa mutum ya keɓanta da ƙasar da ba ta da mai ita. Amma a mazhabar Malikiyya an bambanta daji mai nisa da ƙasar da ke dab da gari. Ta kusa da gari ba a raya ta a mallake sai da izinin shugaba, saboda mutanen gari na da buƙata a cikinta. A ganina, gumin samarin nan ya saya musu abubuwa masu daraja: bakin magana idan za a yanke shawara, kaso mai tsoka a cikin rabo, da diyya daga duk wanda ya ɓata aikinsu. Ikon kora ne bai saya musu ba. Dalili kuwa shi ne, abin da ya ba su damar gyara filin tun farko ƙarfinsu ne da 'yan kuɗin da ke aljihunsu. Yaro ɗan shekara tara ba zai iya sayen tifa ba, tsoho mai ciwon gwiwa ba zai iya sarar tumfafiya ba. Idan aka ce gumi shi ne mallaka, to mai ƙarfi ya ci sau biyu: ya ci da ƙarfinsa, ya kuma ci da hujjar da ƙarfin ya samar masa.

Haka ma dokar da aka fi bi inda ba mai unguwar da ya sa baki, wato wanda ya riga zuwa shi ke da fili. A sahun masallaci da rumfar kasuwar ƙauye wannan doka na aiki lafiya, don akwai wani sahun, akwai wata rumfar. A filin da yake guda ɗaya tilo, tana fifita wanda ba shi da abin yi a kan wanda ya yini a gaban inji har ƙarfe biyar. Kuma ko ita ɗin ba a cika ta: yara su riga zuwa, manya su iso su ce saura minti biyar. Kashin dankali ke nan, na sama ya danne na ƙasa, na ƙasan kuma ya haɗiye yana jiran ranar da zai hau sama ya rama a kan ƙannensa.

A 1968 wani masani Ba'amurke, Garrett Hardin, ya yi wani rubutu da ya shahara, inda ya ce duk makiyayar da ta zama ta kowa ƙarshenta lalacewa, domin kowane makiyayi zai ƙara saniya, ribar tasa shi kaɗai, asarar kuma ta kowa. Mafita a wurinsa, ko dai a yanka a sayar, ko hukuma ta tsare da sanda. Elinor Ostrom, wadda ta samu kyautar Nobel a fannin tattalin arziki a 2009, ta bi ƙauyuka da gaɓar teku ta nuna akwai hanya ta uku da mutane suka daɗe suna bi. Misalinta da na fi so shi ne na masunta a Alanya ta ƙasar Turkiyya. Wuraren da kifi ya fi taruwa kaɗan ne, masunta da yawa, ana ta yanke wa juna koma. Sai suka lissafa wuraren, suka riƙa jefa ƙuri'a a watan Satumba kowa ya san inda zai fara, daga nan kullum kowane jirgi ya matsa zuwa wuri na gaba. Ba wanda ya mallaki teku, ba kuma wanda ya dawwama a wuri mara kifi. Ta lura cewa irin wannan tsari kan ɗore ne idan masu amfani da wuri su suka tsara dokar, masu sa ido daga cikinsu suke, horo na farawa daga ƙarami, sasanci ba ya cin kuɗi, hukuma kuma ba ta zo ta rusa abin da suka ƙulla ba.

Ba sai mun je Turkiyya aro ba. Fiƙihun da ake karantawa a zaurukan Kano ya kasa rabon dukiyar tarayya gida uku: rabo da yardar juna, rabo da ƙuri'a, da kuma wanda ake kira muhaya'a, wato a bar abu yadda yake a raba amfaninsa, wannan ya mora yau, wancan gobe. Malamai kan kafa hujja da ƙissar taguwar Annabi Salihu, wadda aka raba ruwan sha tsakaninta da mutanen gari, rana nata rana nasu. Bahaushe ma ya san wannan a cikin gidansa. Miji ba ya yankuwa biyu, shi ya sa ake rabon kwana, kuma kowa ya san satar kwana zalunci ne ko da ba a taɓa wa matar ko allura ba. Adashi ma haka yake, tukunya ɗaya, kwasa bi da bi. Filin ƙwallo na cikin irin waɗannan abubuwa da igiyar awo ke kashewa. A raba shi huɗu, an samu fegi huɗu da ba wanda zai buga wasa a kansu. Abin da ke rabuwa a cikinsa lokaci ne, kuma mai unguwar Sharaɗa, ko ya san sunan babin ko bai sani ba, muhaya'a ya yi.

Sai dai a nan ne nake ganin maganar ba ta ƙare ba. Rabon da aka yi a zauren nan adalci ne tsakanin waɗanda suka halarta. Koci ya zo da muƙarrabansa, mai mota ya zo da fasasshen gilashinsa, yara sun samu kwana biyu don dattijon ya tuna da su. Dokin mai baki ya fi gudu. Wanda bai taɓa shiga filin ba, ba shi da rigimar da zai kawo, don haka ba a kira shi ba, don haka ba shi da kwana. Karɓa-karɓa na iya zama wata ƙungiya ta masu ƙarfi, su daidaita tsakaninsu su rufe ƙofa, su kuma samu kwanciyar hankalin cewa sun yi adalci.

Mata nake nufi da farko. Ban taɓa ganin zaman rabon fili da aka gayyaci mace ba. Alhali ciwon suga da hawan jini ba su san kulle ba, likitan da ya ce maigida ya riƙa tattaki shi ya faɗa wa uwargida, ita kuwa tsakar gidan hayar da take ciki taku goma ne. Masu cewa al'adarmu ce ta hana sun manta da dandali. A ƙauyukan da iyayenmu suka baro, dandali ma rabon lokaci ake yi masa: yara maza na langa, bayan kaka a yi dambe da kokawa, da farin wata kuma na 'yan mata ne, su yi gaɗa har dare ya raba. Birni ne ya cinye musu kasonsu, sannan muka waiwayo muka sa wa asarar suna al'ada. Ya tabbata a hadisi cewa mata sun koka wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa maza sun rinjaye su a wurinsa, suka roƙi ya ware musu rana, ya kuwa ware. Idan an ware wa mata rana a majalisin ilimi, ban ga abin da zai hana a ware musu safiya biyu a mako a harabar da ke da katanga da ƙofa ba. Katangar kamfanin da ta zama shamaki ga kowa, ga su sutura ce.

Akwai wani labari a Muwaɗɗar Imamu Malik da nake ganin ya kamata duk mai rabon fili ya sani. Halifa Umar ɗan Haɗɗabi ya keɓe wani hurumi domin dabbobin baitulmali, ya ɗora wani bawansa mai suna Hunayyu a kai. Ya umarce shi ya bar mai 'yan raƙuma da mai 'yan tumaki su shiga, amma ya kiyayi garken Abdurrahman ɗan Aufu da na Usmanu ɗan Affan. Waɗannan manyan sahabbai ne, ba a kuma zarge su da laifin komai ba. Hujjar Halifa ita ce, su in dabbobinsu sun halaka suna da gonaki da dabino da za su koma wa, talaka kuwa in nasa suka halaka, da 'ya'yansa zai zo ƙofar Halifa yana kuka. Ma'aunin da ya yi amfani da shi shi ne wa ke da wani wurin zuwa. In aka ɗora wannan ma'auni a filayenmu, jerin zai juye. Ƙungiyar manya na iya haɗa kuɗin Adaidaita Sahu ta tafi wani fili, mai koyar da mota na da mota, duk inda ya so zai kai ta. Yaro, da tsoho, da matar aure, da gurgu, iyakarsu inda ƙafa ko keke zai kai su kafin Magariba. Ba ina cewa a ƙwace La'asar daga hannun waɗanda suka gyara fili ba ne. Ina cewa kason marasa wurin zuwa shi ya kamata a fara cirewa, kamar yadda ake fitar da bashi kafin a raba gado.

Kuɗi ma wata hanyar rabon lokaci ce, kuma ya kamata a yi mata adalci. Tun bayan da Ahmed Musa ya buɗe cibiyarsa ta wasanni a Hotoro a 2017, filayen ciyawar roba da ake kamawa sa'a-sa'a sun ƙaru a birni. Suna da tsari, ba a faɗa, kowa ya san lokacinsa, kuma da yake suna da fitila sun ja La'asar har ƙarfe goman dare, wanda ba ƙaramin abu ba ne. Duk ƙungiyar da ta koma can ta rage cunkoso a filin ƙasa. Mai jarin da ya shimfiɗa ciyawa ya sayi janareta bai zalunci kowa ba don ya karɓi kuɗi. Matsala na farawa ne ranar da irin wannan ya zama shi kaɗai ya rage, ko ranar da salon ya sauko kan filin da ba wanda ya kashe masa kwabo: maigadin da mai wuri bai sa shi ba, ya ce sai an ba shi na goro zai buɗe ƙofa, ko wasu samari su tsaya a bakin fili suna karɓar kuɗin shiga. Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Hukuma fa? Tarihin sararin wasa a wannan ɓangare na Kano bai fara da kyakkyawar niyya ba. Dokar garuruwa ta 1917 ta zamanin Lugga ta tanadi tazarar yadi 440 da ba a gini a cikinta tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, kuma a garuruwa da dama a irin wannan sarari ne Turawa suka yi filayen wasanninsu. Ba abin mamaki ba ne da Filin Folo da filin ƙwallon lambu da Filin Sukuwa duk suke a yankin Nasarawa da Bompai, tafiyar 'yan mintoci daga lungunan Gwagwarwa inda yara ke buga ƙwallo tsakanin kwata da kwata. Bayan tafiyar Turawa kuma, filin al'umma ya zama abin da aka fi sauƙin yankawa, don ba shi da mutum ɗaya da zai yi kuka a kansa. A watan Yunin 2023 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta rushe gine-ginen da aka yi a Filin Sukuwa da shagunan Filin Idi na Ƙofar Mata, bisa hujjar cewa filayen jama'a ne aka sayar. 'Yan kasuwar Filin Idi suka garzaya Babbar Kotun Tarayya, ta yanke musu diyyar naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3. Kowa da yadda ya kalli wannan lamari, kuma siyasa ta shiga ciki har wuya. Abin da ya shafi maganata shi ne, katafila na iya dawo da ƙasa, amma ba ta cewa wa zai shiga ranar Talata. Wannan aikin na zaure ne, na masu unguwa da kwamitocin masu amfani da wuri. Abin da ake buƙata daga hukumar tsara birni ta KNUPDA da ƙananan hukumomin Birni da Kumbotso da Nasarawa shi ne su san da zaman irin waɗannan yarjejeniyoyi, su rubuta su, su hana a tashi da safe a tarar da an kafa harsashi a tsakiyar fili.

Na ce zan dawo kan mai takarda. Tsoronsa ba na banza ba ne. A Kano, wanda ya bar filinsa a buɗe kan ga teburin mai shayi bana, baɗi kwantena, shekara mai zuwa wani na rantsuwa a kotu cewa kakansa ne ya sare wurin. Ga kuma fargabar yaro ya karye a harabarsa a ce shi zai biya, ko a yi amfani da wasa a leƙa masa sito. Shi ya sa ya fi son fasassun kwalabe a kan katanga da maigadi mai gora. Maganin wannan tsoro ma yana cikin abin da muka gada, wato aro mai wa'adi da shaidu: a rubuta cewa wuri nasa ne, ya ba unguwa aron amfaninsa shekara kaza, ba gini, ba kasuwa, ranar da jarinsa ya dawo a ba shi kayansa bayan sanarwar wata kaza. Ƙungiyar masu masana'antu ta ƙasa na da reshen Sharaɗa da Challawa, tana da na Bompai. Takarda iri ɗaya da lauyanta zai tsara ta isa mambobinta su daina ganin kowane yaro mai ƙwallo a matsayin ɗan kama-wuri-zauna. Zanen aro ba ya rufe katara, gaskiya ne, filin aro ba zai maye gurbin filin da ya kamata a ce an tanada tun a taswira ba. Amma yaron da ke da shekara goma a bana ba zai jira sabuwar taswira ba.

Cikin waɗanda irin wannan aro zai fi yi wa rana akwai masu ƙwallon guragu. Wasan nan ɗan Kano ne ya ƙirƙiro shi, Misbahu Lawan Didi, a 1988, kuma yawancin masu buga shi waɗanda shan'inna ta taɓa ne. A kan katako mai ƙananan tayoyi suke zama, su tura da hannu, su buga da hannu. Jar ƙasar da koci da yaransa suka zuba ba ta yi musu amfanin komai, don tayoyin ba sa tafiya a kan rairayi. Ko an ba su La'asar bakwai a mako a wancan fili, ba a ba su komai ba. Daɓen siminti mai santsi suke buƙata, mai faɗin filin ƙwallon kwando ko fiye. Akwai irin wannan daɓe a Sharaɗa da Bompai, a harabar kamfanonin da suka daina aiki, inda a da tireloli ke juyawa su yi lodi. Yana nan a bayan ƙofar ƙarfe, ciyawa na tsaga shi kaɗan-kaɗan duk damina, maigadi na shanya wankinsa a kai.